Ciyawar da ke Ƙarƙashin Taga

Kin ce ƙananan abubuwa ba sa taɓa aure, to saurari wannan. An yi wata mai ginin tukwane da har ta tsufa ba ta manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. Tana dawowa daga daji da dammin gamba a ka, ciyawar da take gasa tukwanenta da ita, ya kauce mata a hanya, ya ce bai taɓa jin ƙanshi irin na wannan dammi ba. Ta riƙe maganar a ranta. Bayan aurensu, duk ƙarshen damina idan gamba ta yi fure, sai ta yanko ta jibge a ƙarƙashin tagar ɗakinsa don iska ta riƙa kai masa ƙanshin. Ba ta taɓa gaya masa dalili ba. Shi kuwa duk shekara a wannan lokaci numfashinsa yakan sarƙe, ƙirjinsa na kuka kamar sarewa, har ya kasa kai cokali baki. Danginsa suka ce hayaƙin gashin tukwane ne take kwasowa a zanenta, suka ce ta zaɓa, ko sana'ar da ta gada wurin uwarta ko ran ɗansu.

Ana cikin haka wata malama mai binciken iska ta sauka a garin. Shekara ashirin ta yi tana bin garuruwa da 'yan gilasai shafe da mai, tana ajiye su a kan katanga da rufin ɗaki, da safe ta kwashe ta duba abin da iska ta manna musu. Mutane na dariya, wai ga mai farautar abin da ba a gani. Da ta ji labarin ciwon, ta ajiye gilashi ɗaya inda ake rataye zanen mai tukwanen, ɗaya a tagar mijin, tana canza su kullum har gamba ta yi fure. Sannan ta kira mai tukwanen ta leƙa cikin madubin da ke girmama abu. Gilashin wurin zane, ɗan toka ne kawai. Na taga kuwa, sai ta ga kamar an buɗe mata wata sama, ƙwayoyi zagayayyu masu ruwan zinariya, ɗaruruwa, kowace da 'yar ƙofarta kamar tulu. Ta daɗe tana kallo, don ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Malamar ta ce garin furen gamba ne, shi mijin yake shaƙa.

Ranar mai tukwanen ta kwashe ciyawar ita kaɗai zuwa bayan gari, sawu bakwai. Da ta dawo ta zauna gefen tabarmarsa ta faɗa masa abin da ta ɓoye shekara tara. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ashe so ne ya shaƙe ni. Ai ba ciyawar nake nufi ba ran nan, mai ɗauke da ita nake nufi."

Ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, na yi maka alkawari, gamba ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba. Abin da nake aiko iska ta gaya maka, daga yau da bakina za ka ji shi."

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.