Kurtun Saje Philemon

Saje Philemon ya fasa ƙwai a cikin fidar jarirai, ya zuba madarar gari da sukari da ɗan manja, ya girgiza kamar mai jin haushin kwalbar. Ɗan ragon da ke tsakanin ƙafafunsa, fari mai baƙin kunne, ya ɗaga kai yana jira. Uwarsa ta mutu wajen haihuwarsa, ko ɗigon nononta bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Tun da Saje ya ajiye kaki ya dawo Zuru, ofishinsa ɗaya ne, gidan burkutu. Likita ya faɗa masa a gaban matarsa Leah cewa hantarsa ta gaji, in bai daina ba Kirsimeti mai zuwa sai dai a yi babu shi. Fasto ya yi wa'azi, 'ya'ya suka yi kuka ta waya. Saje ya ce duk ya ji, ya ɗauki hularsa ya fita.

Abin da ya gagari likita da fasto, maraya ne ya yi shi. Ranar da Dawuda, ƙanen Leah mai kiwon tumaki a Dabai, ya kawo shi cikin kwali a bayan babur, Saje ya daɗe yana kallonsa. Ya raɗa masa suna Kurtu, ya ƙame, ya rantse: "Muddin yaron nan yana numfashi, ni da burkutu har abada. Ran da ya mutu kuwa, kada wanda ya tare mini hanya." Leah ta san mijinta. Halinsa sai haƙuri, amma bai taɓa karya rantsuwa ba, kuma abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Matsalar ita ce Saje ba ya jin shawara. Malam Lukuman, malamin dabbobi, ya ce a riƙa ba Kurtu madara mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Saje ya ce shi da ya ciyar da bataliya a daji ba za a koya masa ciyar da rago ba. Tabarau ma da aka ba shi a asibiti ya ce na malaman makaranta ne, ya jefa a akwati. Awo da ido yake yi, fida cike, sai Kurtu ya shanye tas kafin a sallame shi daga fareti.

Ba a jima ba zawo ya kwantar da Kurtu. Saje ya tsuguna a kansa yana ba shi umarnin ya tashi, idonsa na satar kallon hula. Leah ta ce, "Baban Joyce, je taron maza a coci, ka sa su yi masa addu'a." Ya tafi yana gunaguni. Da ya dawo, ga Kurtu tsaye garau, har kamar ya ƙara tsawo. Leah ta yi farfesun murna, Saje ya sha har da siɗar kwano, ya ƙara wa maraya girma zuwa Farabiti.

Ɗan ragon ya ɗan riƙa gudunsa bayan ciwon, fidar ma sai da aka yi kokawa. Leah ta ce zafin ciwo yana sa mantuwa. Saje ya ce haka ne, ya ga irinsa a bariki.

Da Saje ya ƙara koko a haɗin, cikin Farabiti ya kumbura. Aka sake addu'a, aka sake farfesu, Farabiti ya zama Las Kofur. Kai, girma dai sai wanda ya gani! Maƙwabta suka fara zuwa neman sirrin. Saje kuwa ya yi kumatu, rawar hannu ta tafi, Leah ta koma yin waƙa wajen shara.

Ciwo na uku ya fi muni. Cikin Las Kofur ya tashi kamar ganga, ido ya juye. Wannan karon Saje ya ce ba coci ba masallaci, soja ba ya barin nasa a filin daga. Rana ta take yana zaune, numfashin rago na ja da baya. Can ya miƙe, ya sa hula. Leah ta kama rigarsa ta ce akwai wata allura da sai a Ribah ake samu, kuma ba wanda za ta yarda ya karɓo ta sai shi. Ya tsaya a bakin ƙofa. Gidan burkutu yana hagu, tasha tana dama. Da ƙyar ya yi dama.

Ya dawo da yamma babu allura, ya tarar da ragonsa yana cin dusa. Saje ya rungume shi, ya yi kukan da ko a jana'izar uwarsa bai yi ba. Nan take ya ba shi Kofur.

Ranar Kirsimeti gidan ya cika. Malam Lukuman ya buɗe bakin Kofur ya duba haƙora, ya ce ikon Allah, haƙoran sun girmi watanninsa. Saje ya bugi ƙirji ya ce madara ce, kuma daga gobe zai koma ba shi fida da sabon haɗi, har da tafarnuwa.

Cokali ya suɓuce daga hannun Dawuda. Ya bi yayarsa kicin, ya rufe ƙofa, ya ce, "Yaya, don Allah ki ɓoye fidar nan. Wannan ne na huɗu, kuma farare masu baƙin kunne sun ƙare a garkena."