Tabaryar da Baba Ya Miƙo Min

Ban taɓa aiki mai wuya kamar riƙe tabaryar nan ba. Shekarar da lantarki ya shigo Gumel, makunnin fankarmu ya lalace. Ka murɗa shi, ƙwan lantarki ya dushe, fanka ta tsaya, sai ƙaurin roba. Ga Kaka kwance da zazzaɓi, ga zafin bazara.

Baba ya kife turmi ya taka, ya miƙo min tabarya. "In wuta ta riƙe ni, kar ka taɓa ni. Doki hannun."

"Baba, ni in doke ka?"

"Kai na ce!"

Waya ta yi tartsatsi, ya ƙame. Na runtse ido na maka masa. Har yau ƙarar ba ta bar kunnena ba.

Washegari hannun ya kumbura. Ni na zuba masa ruwan alwala.