Hoton Inna

Har ta koma ga Allah, matarsa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ga shi kamanninta sun fara dusashewa a ransa.

Ran kasuwar Yelwa 'yarsu ta iso daga asibitin da take aiki, ta miƙa masa waya.

"Baba, jinin Inna ne da aka ɗiba tana jinya. Na'ura ta bi ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi mata hoto."

Ya gyara tabarau. Jajayen ɗigo ne cunkushe, duk kamarsu ɗaya, sai guda da ta koma gefe ita kaɗai.

Ya ɗora yatsa a kanta.

"Wagga ita ta," ya ce. "Ko gidan biki haka taka zama."