Ɗigon da Ya Yi Shuɗi

"Ƙuli-ƙulin Tani ne," in ji Mika'ilu, yana zargin matar da ke sayar musu da ƙuli. Ɗansa na kwance a gida, a unguwar Kwarbai, idanu sun yi ruwan ɗorawa. Likita ya ce gubar ruɓaɓɓiyar gyaɗa ce.

To, shi kuwa Mika'ilu gwajin gyaɗa ne aikinsa. Ya ɗiga man ƙulin a gilashi mai farin gari, ya ɗiga na gyaɗar gidansa don kwatance, ya tsoma a magani. Mai guba kan yi shuɗi ƙarƙashin fitila.

"Malam, na Tani fes yake," in ji abokin aikinsa. "Mai shuɗin nan na waye?"

Bawan Allah Mika'ilu, na gidansa ne. Da safen nan ya ce wa matarsa ta ƙara wa yaron kunun gyaɗa, ko ya samu ƙarfi.