Dogon Japan da Tsohon Heluma

Bari in ba ki misali, ke da kike cewa tsoho ba shi da sauran aiki sai jan carbi da cigiyar goro.

An yi wani dattijo mutumin Nguru, shekara talatin da ɗaya yana gyaran layin dogo, daga lebura mai shebur har ya zama heluma, shi ke gaban masu aiki. Da jirgi ya yi wuyar gani a garinsu sai mutane suka manta da shi, har 'ya'yan cikinsa in ya fara zancen reluwe sai kowa ya tuna yana da wurin zuwa. Shi ma ya kama bakinsa. Ana nan yanar ido ta kawo shi Kano, aka yi masa aiki, ya sauka a ɗakin zauren 'yarsa Ladidi kafin ya warke. Mijin Ladidi malamin makaranta ne, mutumin kirki, sai dai yana da wata ɗabi'a: in ya dawo da la'asar yakan zauna gaban kwamfuta yana wani wasa da ake shimfiɗa dogo a ciki. Shi dogon ƙasar Japan ya ɗauko. Wata bakwai yana gini: ga duwatsu, ga fadamun shinkafa, ga 'yan tashoshi tsaf-tsaf kamar an wanke su da sabulu, ga ɗan jirgi mai tarago biyu fari da ratsin shuɗi. In mutum ya gama sai ya saka wa 'yan wasan na duniya, kowa ya tuƙa jirgi a kai. To nasa, duk wanda ya iso lanƙwasar gindin dutse da gudu sai jirgin ya yi tangal-tangal ya goce. Wani mutumin Japan ya rubuto masa cewa kyau kam akwai, amma wanda ya shimfiɗa wannan dogo bai taɓa tsayawa kusa da na gaske ba. Malam ya ce wa matarsa ran Juma'a zai goge abin gaba ɗaya ya huta.

Dattijo ya ji wannan magana daga zaure. Da ma tun da aka cire masa auduga yake leƙen abin ta taga in zai wuce alwala, kuma kallo ɗaya ya yi wa faɗin dogon ya gane shi: ƙafa uku da rabi, irin wanda ya tsufa a kai. Ya ga ciwon ma. Lanƙwasar a shimfiɗe take kamar tabarma, kuma ta karye farat ɗaya kamar gwiwar hannu. Ya so ya yi magana, amma ta ina zai fara? Suruki ne. Ko gaisuwa daga nesa suke yi, wannan ya durƙusa yana kallon ƙasa, wancan ya amsa yana kallon bango. Ba ya yiwuwa ya shiga ɗakin mijin 'yarsa ya ce masa ka yi kuskure, kuma shi malam ko zai mutu ba zai tambaya ba.

Ran Alhamis da yamma sai ya sa aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagar. Ya ɗaga murya ya ce, “Ke Ladidi, kawo min igiyar shanya da gwangwanin tumatir.”

Ta ce, “Baba, miya za ka yi mana?”

Ya ce, “Miyar gidanku. Zauna in koya miki abin da kika ƙi ji tun kina goye.”

Ya tara yashi, ya ninka igiyar biyu ya lanƙwasa ta a kai, ya gangaro da gwangwani, gwangwani ya yi waje. Sai ya cusa yashi ƙarƙashin igiyar waje har ta ɗara ta ciki tsawo. Yana yi yana faɗa da ƙarfi, kamar Ladidi kurma ce, cewa dogon waje ɗaga shi ake yi don jirgi ya jingina, kuma ba a bakin lanƙwasa ake farawa ba, tun daga nesa ake cusa tsakuwa, yatsa ɗaya, yatsa biyu, har jirgi ya shiga bai san ya shiga ba. Ladidi tana ta “to, Baba,” ba ta gane komai ba. A cikin ɗaki kuwa ƙarar maɓallai ta tsaya cak.

Juma'a ta zo ta wuce ba a goge komai ba. Dattijo kuwa ya riga ya ɗaure jakarsa, ran Litinin zai koma Nguru. Ran Lahadi dattijo na zaune ya ji Ladidi ta rangaɗa guɗa: jirgi ya kwanta a lanƙwasar kamar shirwa a iska, ya fita lafiya, har mutumin Japan ɗin nan ya sake rubutowa yana tambayar a wane reluwe aka koyi wannan aiki. Can sai ga malam ya fito, ya tuɓe takalmi tun daga bakin rijiya, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, “Baba, akwai wata lanƙwasar kuma a gaban gada.”

Dattijo ya gyara zaman hularsa, yana kallon bango, ya ce, “Na gan ta tun shekaranjiya. Ladidi, kwance min jakar nan, ba gobe zan tafi ba.”

To kin ji. Shi ya sa Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.