Wayifai Bai Wuce Zaure

"Tsoho, matsa mini, nan kaɗai yake kamawa!" in ji jikata Nazifa, tana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Ɗana Rilwanu ne ya sa wayifai a zaurena, amma ba ya ratsa katangar ƙasa zuwa cikin gida. Sai ya sayo wata na'ura daga Gusau mai kai shi kowane ɗaki. Ba ta daɗe ba ta ɓace. Ya sayo wata, ita ma ta bi sahu. Ya zagi ɓarayin garinmu Mafara, ya zargi maƙwabta, ya canza kwaɗon ƙofa.

Mutanen banza. A da sai in wuni a zaure babu wanda ya leƙo daga cikin gida ya ce mini ina kwana. Yanzu tun da hantsi tabarmata ta cika, kowa da wayarsa: "Barka da hutawa, Alhaji. Ya ƙarfin jiki?"

Jiya Rilwanu ya ce zai sayo ta uku.

Na ce ya sayo. Rumbun gerona babba ne, biyun farko ko kusurwa ba su cika ba.