Kwano Na Biyar

Tun da aka kafa dokar awo, kasuwa ba ta sayar wa kowane gida abin da ya wuce cikin mutanensa. Gidan Malama Rakiya su huɗu ne, har da Iya Tasalla mai raino, wadda ke cefane da girki.

Ranar Laraba Rakiya ta dawo aiki da wuri, ta tarar da kwano biyar.

"Iya, na biyar ɗin fa?"

"Na baƙo ne."

"Wane baƙo? Shekara uku ba wanda ya yi mana sallama."

"Kunya suke ji, 'yar nan. A zaure nake ajiyewa, kuma kullum a wanke nake ɗauko shi."

"To ina kike samun ƙarin?"

Iya ta gyara ɗaurin zaninta. Sai lokacin Rakiya ta lura sau biyu zanin yake zagaye ƙugun Iya saboda rama.